Kantin da Nake Sayen Insulin ɗin Mahaifiyata a Jos

Kusan shekara biyu ke nan nake sayen insulin, wato allurar ciwon suga, da maganin hawan jini na mahaifiyata a wani kantin magani da ke kan titin Ahmadu Bello, kusa da Taminus, kuma abin da ya fara jan hankalina shi ne firjinsu mai aiki da sola, wanda aka manna wa ma'aunin sanyi a ƙofa. Insulin ba ya jure zafi, ana adana shi ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, saboda haka ko a sanyin Jos ban yarda da kantin da firjinsa ke mutuwa da zarar an ɗauke wuta ba.

Mai harhaɗa magungunan ba ta miƙo kwali sai ta nuna lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar da maganin zai daina aiki. Ranar da na sayi maganin zazzaɓin cizon sauro, cewa ta yi: "Malam, kankare nan da makullinka, ka tura lambar ta tes kafin ka biya." Tun 2010 hukumar ta fito da wannan tsari na gano jabu, amma masu kanti ƙalilan ne ke tuna wa mai saye da shi.

A bakinta kuma na ji dalilin da wakilan wasu manyan kamfanonin magunguna suka daina rabon biro da kalanda masu ɗauke da sunan magani. Ƙungiyarsu ta duniya, IFPMA, wadda aka kafa a 1968 kuma hedikwatarta ke Janeba, ta haramta irin waɗannan kyaututtuka daga Janairun 2019 game da magungunan da sai likita ya rubuta, domin kada alheri ya karkatar da alƙalamin likita. Na yaba wa dokar ƙwarai, sai dai mambobin ƙungiyar kawai ta ɗaure, alhali yawancin abin da ke jere a kantocin wannan kanti daga Indiya da masana'antun cikin gida ya fito. A kan waɗannan, tantancewar matar nan nake dogaro da ita, kuma ban taɓa kama ta da ha'inci ba.

Aibin kantin biyu ne. Farashinsu ya ɗara na ƙananan kemis na unguwa, sannan bayan la'asar layi kan yi tsawo domin ita kaɗai ke duba takardar likita. Shi ya sa nake zuwa da hantsi, da ƙaramar kula mai ƙanƙara a hannuna.