Tana da gara: wacce ta fi gyara gona?

Malam, ka tambaya ko da gaske gara na gyara ƙasa kamar tana, alhali kai dai ɓarnarta ka sani a danni da rumbu. Da gaske ne. Su biyun aikinsu farfasa tarkace ne, sannan ƙananan halittun da ido ba ya gani su ƙarasa ruɓarwar har sinadaran su fito. Inda suka rabu shi ne abin da kowacce ke iya ci, da inda take ajiye shi.

Tana ta fata take numfashi, don haka sai da danshi. Shi ya sa za ka same ta a fadamun Rima, wajen Kwalkwalawa ko Wurno, amma da wuya ka tono ta a jigawa cikin watan Afrilu. Takan haɗiye ƙasa tare da ganyen da ya fara ruɓewa, ta fitar da 'yan curi-curin nan da ake gani da safe a bakin fangalin albasa. A cikinsu akwai naitirojin da fosfaras da saiwa ke iya sha nan take. Inda ta ci, nan take barin amfanin.

Gara kuwa busasshe take so: karan gero, itace, kashin shanu da rana ta ƙone, abubuwan da tana ba ta ko kallo. Masu gina babban suri ma kwasa suke yi su kai gida, su noma wani naman gwari a kai, shi ya narkar musu. Ke nan albarkar a suri take taruwa, tare da yumɓun da suka haƙo daga ƙasa, sai ka fasa tsohon suri ka baza kafin gonarka ta amfana.

A ganina a tudun Sakkwato, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, gara ce ke riƙe da aikin. Dubi tassa da maƙwabtanmu na Tawa ke yi a fako: a haƙa ƙananan ramuka da rani, a zuba taki, gara ta biyo takin ta huda ƙasar, ruwan farko ya sami hanyar shiga maimakon ya gangare. Da irin wannan dabara Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da ƙasar da aka yanke wa ƙauna.

In gonarka ta tudu ce, bar wa gara wani kason kara a shimfiɗe bayan girbi, amma nesa da rumbu.