Gargaɗi ga jama'ar Gombe kan damfarar cacar takunkumi

Ina rubuta wannan gargaɗi ne saboda wata hanyar damfara da ta shigo wayoyin matasanmu a nan Gombe, wadda ta cinye wa wani ƙanina mai gyaran waya a Tudun Wada jarin da ya shafe fiye da shekara guda yana tarawa. Masu wannan harka suna buɗe zaure a Telegram ko WhatsApp, su gayyaci mutane su zuba kuɗi a kan tambaya ɗaya: shin za a ƙaƙaba wa ƙasa kaza sabon takunkumin karya tattalin arziki kafin ƙarshen wata, ko ba za a ƙaƙaba ba? Iran da Rasha suka fi ambata, domin su ne ake yawan ji a labaran rediyo. Ba sa kiran abin caca, suna ce masa zuba jari a kasuwar hasashe, kuma da wannan suna suke kama mutanen da ba za su taɓa leƙa shagon cacar ƙwallo ba.

Gaskiya ne akwai irin wannan kasuwa a intanet. A shafuka irin su Polymarket da Kalshi, mutum yana sayen kason "e" ko na "a'a" a kan farashin da bai kai dala ɗaya ba. Idan hasashensa ya tabbata a biya shi dala ɗaya kan kowane kaso, idan bai tabbata ba ya tashi a tutar babu. Ko Polymarket ɗin ma, a farkon 2022 hukumar Amurka mai sa ido kan irin wannan ciniki ta ci tararsa dala miliyan 1.4 saboda gudanar da kasuwa ba tare da rajista ba. To amma masu zauren da nake magana a kai ba su da alaƙa da waɗannan kamfanoni. Sun kwaikwayi fasalin shafukansu ne kawai, kuɗin kuma asusun wani mutum ake turawa, wanda sunansa yake canzawa daga mako zuwa mako.

Abin da ya ruɗi ƙanina shi ne shugaban zauren ya faɗa masa sakamako daidai har sau uku a jere, kyauta, yana iƙirarin cewa yana da ɗan leƙen asiri a birnin Washinton. Dabarar tsohuwa ce, kuma lissafinta ba shi da wuya. A ce ɗan damfara yana da lambobin mutum 800. Sai ya aika wa 400 cewa za a saka takunkumi, ya aika wa sauran 400 cewa ba za a saka ba. Duk yadda ta kaya, rabinsu sun ga maganarsa ta tabbata. Sai ya watsar da waɗanda ya yi wa kuskure, ya sake raba waɗanda suka rage gida biyu. A zagaye na uku yana da mutum 100 da za su iya dafa Alƙur'ani cewa bai taɓa saɓawa ba, alhali bai san komai ba. Wannan ne ya sa ake aika wa kowa "sirrin" shi kaɗai, tare da kashedin kada ya nuna wa wani, kuma shi ya sa ake rufe zauren ta yadda shugabanni kaɗai ke iya rubutu a ciki. A zagaye na huɗu ne ake cewa dama ta zo, kowa ya kawo iya ƙarfinsa.

Duk wanda ya san yadda ake yanke hukuncin takunkumi zai gane cewa labarin ɗan leƙen asirin shaci-faɗi ne. A Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya sai ƙasashe 9 cikin 15 sun amince, kuma ɗaya daga cikin manyan ƙasashen nan biyar masu kujerar dindindin tana iya hawa kujerar na-ƙi ta rusa komai. A Tarayyar Turai sai ƙasashe 27 sun yarda baki ɗaya, shi ya sa ake kai ruwa rana kafin kowane sabon mataki a kan Rasha tun daga 2022. Takunkumin da ECOWAS ta saka wa Nijar a ranar 30 ga Yulin 2023, wanda 'yan kasuwar Arewa suka ɗanɗana kuɗarsa har aka janye shi a Fabrairun 2024, shugabannin ƙasashe ne suka yanke shi a zamansu na Abuja. Mutumin da ke da kunne a irin waɗannan ɗakuna ba zai zo yana sayar da abin da ya ji kan 'yan dubban nairori ga mai gyaran waya ba.

Akwai kuma tarkon da ke cikin tambayar kanta. Me ake nufi da "sabon" takunkumi? Baitulmalin Amurka yana yawan ƙara sunayen mutane da kamfanoni da jiragen ruwa a jerin waɗanda ya haramta hulɗa da su. A ƙarshen Satumban 2025 kuma, takunkuman Majalisar Ɗinkin Duniya suka dawo kan Iran bisa buƙatar Birtaniya da Faransa da Jamus, alhali su ne dai waɗanda aka ɗage ƙarƙashin yarjejeniyar nukiliya ta 2015. Sababbi ne ko tsofaffi? A wannan zaure, mai riƙe da kuɗin shi ne alƙali, kuma sai bayan ya ga inda aka fi zubawa yake fassara kalmar.

Wanda aka ce ya ci ma bai tsira ba. Ƙanina ya ga ribarsa a rubuce a fuskar waya, amma da ya nemi cirewa sai aka ce ya biya kuɗin haraji, bayansa kuma kuɗin tantance asusu. Da ya fara yin tambayoyi aka fitar da shi daga zauren. Mun ga irin wannan a shirin zuba kuɗi na bogi na MMM cikin 2016, mun sake gani a makamancinsa na CBEX a Afrilun 2025, amma an sauya wa abin riga sai muka kasa gane shi. Ga wanda sunan "jari" ya kwantar wa hankali kuwa, zuba kuɗi a kan abin da ka iya faruwa ko ya ƙi faruwa, mai ci ya kwashe na wanda ya faɗi, ina ganin malamanmu ba za su sha wahalar sanya shi ƙarƙashin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko kwabo da sunan kuɗin cirewa. Ya adana rasit ɗin turawa da lambar asusun da hotunan hirarrakin tun kafin a goge su, ya garzaya bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙorafi ofishin shiyya na EFCC da ke nan Gombe. Ya kuma yi hattara da kiran da zai biyo baya, domin kwana kaɗan bayan an fitar da ƙanina daga zauren, wata baƙuwar lamba ta kira shi da alƙawarin ƙwato masa kuɗinsa, muddin zai fara biyan kuɗin buɗe fayil.