Fleks, roba ko alminiyum: a kan me za ka buga allunan addu'a na ƙofar gida?

Duk wanda ya zaga unguwannin Kano, Zariya ko Katsina ya san rubutun nan na saman ƙofa: "Masha Allah", ko "Haza min fadli Rabbi" da ke cikin aya ta 40 ta Suratun Namli. A Jos, Kafanchan da Sabon Garin Kano kuma za ka ga gidajen Kirista da "Ubangiji makiyayina ne" daga Zabura ta 23. Da can mai fenti ake kira ya hau tsani ya rubuta. Yanzu injin bugawa ya shigo, matasa na ta tambaya ko za a iya shiga wannan sana'a da ƙaramin jari. Ana iyawa ƙwarai. Sai dai kafin ka miƙa wa mai bugawa kuɗinka, ka fara sanin abu biyu: ina za a rataye allon, kuma me za a rubuta a kai. Su ne za su zaɓa maka kaya, ba araha ba.

Wasu kan ga allunan Amurka a intanet su ce irinsu za su yi. A can, allon roba ne mai ramuka a ciki kamar kwali, yawanci inci 18 da 24, a sa masa ƙafar waya a soke shi cikin ciyawar gaban gida. Mu kuwa katanga gare mu da get, gaban gida kuma hanyar awaki ce da yara da 'yan acaɓa. Allon da aka kafa a ƙasa ba zai yi mako ba, kuma sunan Allah bai kamata ya tsaya daidai gwiwa ba, inda ruwan kwata ke fantsama. Namu na bango ne, can sama.

Fleks, wato ledar nan mai kauri da ake buga bana a kai, shi ne mafi sauƙin kuɗi, da shi kowa ke farawa. Da ƙafa ake lissafinsa, tsawo sau faɗi, kuma a yini ɗaya za ka karɓi aikinka. Ga sanarwar tafsirin azumi, taron Maulidi, walimar saukar karatu, barka da sauka ga alhazai ko taron coci na Kirsimeti, babu kamarsa. Amma ranar watan Afrilu ba ta raga masa. Jan launi ne ke fara koɗewa, sannan iskar farkon damina ta yage shi daga wurin ƙusa.

Abin da ya fi damuna da fleks ma ba koɗewar ba ce, ƙarshensa ne. Dubi inda tsofaffin fleks ke ƙarewa a garuruwanmu: an rufe akurkin kaji da shi, an shimfiɗa an shanya barkono, mai shayi ya yi rumfa, wani ya tare banɗaki. Ka yi tunanin Ayatul Kursiyyu ce a jiki. Saboda haka shawarata a nan ba ta da sassauci: kada ka buga aya a fleks, ko da mai saye ya nace. Rubuta suna, rana, wuri da gaisuwa, ya wadatar. Cinikin da za ka rasa bai kai nauyin da za ka ɗauka ba.

Sai allon roba, wanda iri biyu ne a kasuwa: mai ramukan nan, da farin nan mai santsi da kauri wanda ake manna wa sitika. Duka biyun a falle suke zuwa, ƙafa 4 da 8. Falle ɗaya zai ba ka allo 10 masu inci 18 da 24, ko 20 masu inci 12 da 18, don haka ka yi wannan lissafin tun kafin ka sa farashi. Ba su da nauyi, a babur ma za ka kai wa mai shi, kuma sun dace da zaure, baranda, shago da ajin Islamiyya. A bangon da rana ke duka kai tsaye kuwa, siririn allo yakan lanƙwashe, bakin sitikar ya fara ɗagowa, ƙurar hunturu ta shige ƙarƙashi. Idan za ka ɗauka, nemi mai kauri, kuma ka biya a lulluɓe sitikar da ledar kariya. Ga mai fara sana'a, nan nake ganin ya fi dacewa ya zuba yawancin jarinsa.

Allon alminiyum mai roba a tsakiya, wanda kowa ke kira Alucobond, shi ne na bakin get da gaban masallaci. Ba ya tsatsa, ba ya lanƙwasa, ruwa da tsumma sun isa wanke shi. Yana da tsada, kuma yankansa sai mai kayan aiki, don haka kada ka tara shi a shago. Yi samfuri ɗaya ka nuna, wanda ya so ya ba da kafin alƙalami. Akirilik mai sheƙi kamar gilashi na falo ne da ofis, yana karcewa kuma yana tsagewa. Ƙarfen da mai walda ya yanka yana da ƙarfi, amma in ba a yi masa fentin farko mai hana tsatsa ba, damina biyu za ka ga tsatsa na gangarowa a kan haruffa.

Akwai kuma hanyar da 'yan kwamfuta ke mantawa da ita: rubutun hannu. Har yau muna da alarammomi da gardawa masu kyan hannu, masu rubutun nan namu mai kauri da ake rubuta Alƙur'ani da shi a ruwayar Warshu. Dattijon da ya tashi a tsangaya ya fi jin wannan rubutun a ransa fiye da na kwamfuta. Kana iya biyan alaramma ya rubuta maka a takarda, a ɗauki hotonsa da kyau a buga, bisa yarjejeniyar da ya yarda da ita. Abin da maƙwabcinka ba zai iya kwafowa daga waya ba ke nan.

Ko wanne ka zaɓa, kuskuren rubutu ne ke kashe mai wannan sana'a. Masu bugawa da yawa manhajar zane ta CorelDRAW suke amfani da ita, kuma idan ba a saita ta ba, Larabci kan fito a wargaje, haruffa a rarrabe ko a juye daga hagu. Yaron da ke kan kwamfutar wataƙila bai iya karantawa ba, zai buga maka hamsin a haka. Hausar ma ba ta tsira ba, don wasu salon haruffa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ƙofa ta koma kofa. A fitar maka da gwaji a takarda, ka kai wa malami ya duba wasali da ɗigo, ya gaya maka Hafsu ne ko Warshu. In na Kirista ne, fasto ya gwada shi da Littafi Mai Tsarki, sura da aya.

Allon da ke jikin gidan mutum lamarinsa ne. Wanda za a kafa a bakin titi kuwa, kamar mai nuna hanyar masallaci ko makaranta, kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da tallace-tallacen waje, wasu jihohin kuma suna da hukumarsu. Ka gaya wa mai saye tun farko cewa neman izini a wuyansa yake, kuma ka rubuta hakan a jikin rasit.