Range Rover ta 2004 ko G500 ta 2002: wace ce ta cancanci kuɗinka?

Alhaji, ka ce an kawo maka motoci biyu. Ɗaya Range Rover ce ta 2004, dillali ya ce wani tsohon gwamna ne ya hau ta, saboda haka ya ɗora kuɗi a kai. Ɗayar kuma Mercedes G500 ce ta 2002, ba a jingina ta da sunan kowa ba, amma tana da littafin sabis cikakke. Kana son sanin wadda za ka ɗauka, da kuma ko sunan mai mota yana ƙara mata daraja.

Suna yana ƙara daraja, amma sai da hujja. A 2023 an yi gwanjon wata Range Rover ta 2004 a Ingila, wadda ake kyautata zaton Sarauniya Elizabeth ta biyu ta tuƙa. A lokacin zato ne kawai, sai ta tashi a wajen fam 33,000. Bayan 'yan watanni aka samo bidiyon Sarauniyar a cikinta, lambar motar ta fito ƙarara, aka sake kai ta gwanjo ta haura fam 130,000. Mota ɗaya, shekara ɗaya. To, ka tambayi dillalinka: ina takardar mallaka ta farko mai ɗauke da sunan mutumin? Lambar shasi da ke jikin motar ta yi daidai da ta takardar kwastam? Akwai hoton da ya nuna lambar? Idan amsar ita ce "ai kowa ya sani", kada ka biya ko sisi a kan sunan. Kuma ko da ya tabbata, motar da ta yi shekaru tana gudu a jerin gwanon gwamnati ta sha wahalar da fenti sabo ba ya nunawa.

Range Rover ɗin ita ce samfurin da ake kira L322, wanda aka yi daga 2002 zuwa 2012. An tsara ta ne lokacin da kamfanin ke hannun BMW, shi ya sa ta 2004 take da injin BMW mai silinda 8, lita 4.4, irin na motar BMW X5 ta wancan zamani. Wajen daɗin zama babu haɗi tsakaninta da G500. Kujerun fata, katako na gaske a gaban direba, ga shiru a ciki, kuma tana shanye ramuka kamar ba ta taka su ba. Wannan laushin daga jakunkunan iska yake, waɗanda aka sa mata a madadin sifirin ƙarfe, kuma nan ne ciwonta. Roba ce, tana tsufa, tana tsagewa. Ka sa a ajiye motar ta kwana, ka je da sassafe kafin a tayar da ita. In ka ga ta durƙusa ta gefe ɗaya, ko gabanta ya sauka har taya ta kusa taɓa bodi, iska na zurarewa, kuma injin da ke hura iskar ya daɗe yana aikin da ya fi ƙarfinsa. Ka saurari injin motar kanta a tashin farko: ƙarar kacau-kacau daga gaba alama ce robobin da ke riƙe sarƙar injin sun fara cinyewa, gyara ne mai tsada. Bututan ruwan sanyaya injin ma akwai roba da yawa a cikinsu, zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato kuwa ba ya raga musu.

G500 wata halitta ce daban. Tun 1979 ake ƙera samfurin G na Mercedes a garin Graz na ƙasar Austiriya, kuma asalinta motar aiki ce ta soja da daji, daga baya aka yi mata ado. Bodi a kan shasin ƙarfe, sifirin ƙarfe, da maɓallai uku a gaban direba na haɗe tayoyi su riƙa juyawa tare idan an shiga yashi ko taɓo. Irinta ce, 280 GE, ta ci tseren Paris zuwa Dakar na 1983 a hannun direba Jacky Ickx, tseren da ya ratsa hamadar Tenere a Nijar. Don adalci, Range Rover ma ta ci shi a rukunin motoci a 1979 da 1981, sai dai tsohon samfurin ne, ba wannan ba.

Injinta mai lita 5 yana cikin mafiya ƙarko da Mercedes ta yi, kuma shi ne a S500 da ML500 na lokacin, don haka kayan gyaransa ba sa wuyar samu, makanikan Marsandi ma sun san shi. Amma tana da tauri a hanya, sitiyarinta na da nauyi, iska na ƙara a gilashin gaba da zarar an yi gudu, kuma tana shan mai ba kaɗan ba. Ka duba tsatsa a gindin gilashin gaba da ƙasan ƙofar baya, musamman in daga ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara aka shigo da ita. Maɓallan nan uku kuma ka gwada su a kan ƙasa mai laushi, domin in an daɗe ba a taɓa su ba sukan maƙale.

Ni G500 zan ba ka shawarar ɗauka, kuma littafin sabis ɗin nan ne ya fi jan hankalina. Ka zauna ka bi shi shafi-shafi, ka ga ko kilomitocin da aka rubuta suna hawa bi da bi har su iso abin da agogon motar ke nunawa yau, ka kuma nemi inda aka canza man giya. Idan kuwa zuciyarka na kan Range Rover saboda daɗin tafiya mai nisa, ba laifi, amma ka taya ta a farashin kowace L322 ta 2004, ka ware kuɗin jakunkunan iska huɗu tun kafin ka biya la'ada, kuma ka tafi da makanikinka wanda yake da na'urar duba kwamfutar mota.