Taliyar Barilla lamba 5 da miyar niƙaƙƙen nama

Masu tambaya ko taliyar Barilla ta cancanci kuɗinta, ni dai a wajena eh. Kamfanin Italiya ne, tun 1877 suke wannan harka a garin Parma, kuma da alkama mai tauri irin durum suke yinta, shi ya sa bata caɓewa ko ka ɗan shagala da waya, ruwan ma baya yin kauri sosai. Lamba 5 ɗin nan sufageti ce, kaurinta tsaka-tsaki, ba siririya can ba ba kuma mai kauri ba.

Giram 100 ya ishi babba ɗaya, ruwa wadatacce da gishiri, kuma don Allah a daina zuba mai a ruwan, shi ke hana miya kamawa. Miyar ce ke cin lokaci gaskiya, sai naman ya soyu yayi ja har ya fara kama gindin tukunya tukuna albasa da karas da tafarnuwa su shiga, sannan tumatir, a rage wuta a barshi yana ɓararraka a hankali kamar awa biyu.

Abu ɗaya dai, sufageti santsi gareta, naman sai ya zame ya taru a ƙasan faranti yara suna ta tono, su mutanen garin Bologna na Italiya ma da taliya mai faɗi suke cin irin miyar nan. Dabarar ita ce a tsame sufagetin saura minti ɗaya ta nuna, a juye cikin miyar da ludayi ɗaya na ruwan dahuwar a juya sosai. Ko an ɗumama washegari tana nan a wawware.