Domen uku a uwar garke ɗaya: asusun Linux ko akwatin da vmail ke riƙe da shi?

Malam, ka ce kana da uwar garke ɗaya mai Ubuntu, ka ɗora mata manhajojin imel, wato Postfix mai karɓa da aika saƙo da Dovecot mai ba masu akwati damar karanta wasiƙunsu, kuma domen uku ne za su zauna a kanta, kowanne yana son adireshinsa na info@. Tambayarka ita ce ko ka buɗe wa kowane mutum asusu a cikin Linux ɗin, ko kuwa ka bi hanyar da ake kira virtual mailbox. Duka biyun na taɓa bi, bari in ajiye maka su kusa da juna ka gani.

Hanyar farko ita ce wadda hannu ke fara kaiwa gare ta, domin da adduser kaɗai, umarnin buɗe asusu a Linux, an gama. Matsalar tana fitowa ne da zarar domen ya wuce ɗaya. In ka zuba dukkan ukun a cikin mydestination, saitin Postfix na domen da wasiƙunsu ke zuwa asusun Linux, Postfix ba ya duba abin da ke bayan alamar @, abin da ke gabanta kawai yake kallo. Wato info@na-daya.example da info@na-biyu.example duk akwati ɗaya za su faɗa, na mutumin da ake kira info. Mutum biyu da ba su san juna ba suna karanta wasiƙun juna. Maganin shi ne ka sa domen ɗin a virtual_alias_domains, sannan a virtual_alias_maps ka rubuta cewa info na domen na ɗaya ya tafi ga asusun info1, na biyu ga info2. Yana aiki, ba na musu. Sai dai mai akwatin zai riƙa shiga da suna info2 alhali adireshinsa wani abu ne daban, kuma kai ne za ka riƙa amsa waya kana bayani. Abin da ya fi damuna kuwa, kowane ɗayansu yana da layinsa a /etc/passwd, fayil ɗin da ke jera asusun Linux. In ka manta ba ka mayar da shel ɗinsa, wato manhajar ba da umarni, /usr/sbin/nologin mai hana shiga ba, kalmar sirrin imel ta zama makullin SSH, hanyar shiga na'urar daga nesa, kuma ka san irin kalmar sirrin da mutane ke zaɓa.

A hanya ta biyu, Linux bai san masu akwatunan ba sam. Asusu ɗaya tak kake buɗewa, wanda aka saba kira vmail, da lamba 5000 a mafi yawan darussan da za ka ci karo da su, duk da cewa lambar al'ada ce kawai. Shi ke mallakar dukkan wasiƙu, a jere kamar haka: /var/vmail/na-daya.example/info/. Domen ɗin suna shiga virtual_mailbox_domains, adiresoshin kuma virtual_mailbox_maps. Mutum yana shiga da cikakken adireshinsa, Dovecot ne ke tantance kalmar sirrinsa, kuma ko an sace ta, ɓarawon akwatin imel ya samu, bai samu na'urar ba. Info uku, akwati uku, babu mai taka ƙafar wani.

Wahalarta a ranar farko take. Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ya taɓa cinye mini dare guda: in Postfix da kansa ne ke ajiye saƙo, alamar / da ke ƙarshen hanyar akwatin ita ke gaya masa ya yi amfani da Maildir, inda kowane saƙo fayil ne mai zaman kansa. Ka manta da ita, sai ya tara komai a fayil guda irin na mbox, Dovecot kuma yana can yana neman folda bai gani ba. Saƙo ya iso, log ya ce an kai, akwati kuma wayam. Tun daga ranar na daina barin Postfix ya ajiye da kansa. Ina sa saitin virtual_transport ya miƙa wa Dovecot ta LMTP, hanyar miƙa saƙo ga mai ajiyewa a akwati, wanda ya ajiye shi ne kuma zai ɗauko. Ta nan ne ma iyakar girman akwati da tace saƙo da Sieve suke yin sauƙi. Ka lura da wane Dovecot ke hannunka, domin sigar 2.4 da ta fito a 2025 ta sauya yadda ake rubuta saitin, darasin da aka rubuta don 2.3 ba zai hau kanta kai tsaye ba.

Kada ka sa domen ɗaya a mydestination da virtual_mailbox_domains lokaci guda. Postfix zai yi ta gargaɗi a /var/log/mail.log, kuma wasiƙu za su bi hanyar da ba ka nufa ba.

In ka amince da hanya ta biyu, sai wata mararrabar ta taso: a ina sunayen za su zauna, a fayil ko a rumbun bayanai? Ga mai domen uku da akwatuna ashirin ko talatin, ni fayil zan ce. Layi ɗaya ga kowane mutum a passwd-file na Dovecot, kalmar sirrin kuma ka fitar da ita da doveadm pw. Dovecot yana lura da kansa in fayil ya canza, amma Postfix sai ka bi fayil ɗinsa da postmap, umarnin da ke sabunta jerin da yake karantawa, bayan kowane gyara, kuma wannan mantuwa ita ce rabin "na ƙara adireshi amma ya ƙi karɓa". MariaDB, rumbun bayanan, da PostfixAdmin, shafin sarrafa akwatuna, suna da ranarsu, ranar da masu domen ɗin suka ce suna son buɗe akwati da canza kalmar sirri da kansu ba tare da sun neme ka ba. A nan kam fayil ba zai fitar da kai ba, tunda ba za ka ba su SSH ba. Amma ka san abin da ka ɗauko: shafin PHP da ke buɗe a intanet wanda sai an riƙa sabunta shi, da rumbun da in ya faɗi Postfix zai riƙa cewa masu aikowa su dawo an jima. Wasiƙun ba sa ɓata nan take, don yawancin uwayen garke suna sake gwadawa na kwanaki, Postfix ma kwana 5 ne a saitinsa na asali, amma masu akwati ba za su iya shiga ba.

Wani zai ce maka ka sa adireshin kama-duka, wato duk abin da aka aiko wa domen ya faɗa wuri ɗaya. Ka yi hattara. Postfix yana duba virtual_alias_maps kafin akwatuna, don haka kama-duka zai haɗiye har wasiƙun masu akwati na gaske, sai fa in ka rubuta kowane adireshi yana nuna kansa. Ga kuma sharar saƙonni da zai jawo maka.

Duk hanyar da ka bi, aikin DNS, rajistar sunayen domen, yana nan yana jiranka, kuma sau uku za ka yi shi: MX mai nuna inda za a kai wasiƙu, da SPF, DKIM da DMARC masu taimakawa a tantance cewa saƙo daga domen yake, ga kowane domen. PTR, mai mayar da adireshin IP zuwa suna, shi ne kaɗai guda ɗaya, tunda na adireshin IP ne, kuma ya kamata ya dace da sunan da uwar garken ke gabatar da kanta da shi. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke buƙatar aƙalla SPF ko DKIM daga kowane mai aikowa. Takardar shaida ta Let's Encrypt kuwa, wadda ake ɓoye sadarwa da ita, ka fitar da guda ɗaya da sunan uwar garken, ka ce wa masu domen ukun su sa wannan sunan a wayoyinsu, ƙofa ta 993 don karɓa, ta 587 don aikawa. Kafin ka taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka tambayi kamfanin da ka yi hayar uwar garken a wurinsa ko ƙofa ta 25, wadda uwayen garke ke aika wa juna imel ta cikinta, a buɗe take ta fita, domin da yawansu a rufe suke ba da ita sai ka nema.