Na roba ko na katako: wane kwalin jirgin ruwa ya kamata ka fara saya?

Mai son haɗa ƙaramin samfurin jirgin ruwa na tarihi yakan fara da kallon hoton da ke bayan kwali, kuma galibi HMS Victory ne ke sace masa zuciya, jirgin yaƙin Ingila da kwamandan sojan ruwa Nelson ya hau a yaƙin Trafalgar a 1805. Kada ka fara da shi. Na kamfanin Heller, a ma'aunin 1:100 (wato an rage girman jirgin na gaske sau 100), guntayensa sun haura 2,000, tsawonsa ya wuce mita ɗaya, igiyoyinsa kaɗai aikin watanni ne. Abu biyu za ka duba kafin ka biya kuɗi: yadda ake haɗa gangar jirgin, da yawan igiyar da za ka ɗaura.

Na roba shi ne mai sauƙin hannu. Kamfanonin Revell, Airfix, Tamiya da Academy duk suna yin sa, gangar kuma tana zuwa a shirye, ko ɓari biyu da za ka manne. Aikinka yanka, gogewa da fenti. Lissafin ma'auni ba wuya: Titanic tsawonsa kusan mita 269 ne, don haka a 1:700 zai ba ka santimita 38, a 1:350 kuma 77. Auna kantar da za ka ɗora shi tun kafin saye. Gam ɗin da ya dace shi ne mai narkar da robar ta haɗe, irin Tamiya Extra Thin. Sufa gulu yana barin farin tabo a kan tagogi, a ajiye shi don ƙananan guntayen tagulla. Aibin roba a jirgi mai filafilai shi ne jigunan, wato dogayen sandunan da ke riƙe filafilan, suna lanƙwashewa idan ka ja igiya da ƙarfi, kuma kwalin da ya kwana cikin mota a zafin bazara yana iya fitowa a karkace.

Na katako kuwa kafinta yake mayar da kai. Mafi yawan kwalayen OcCre da Artesanía Latina na Sifen, da Amati na Italiya, tsarinsu ɗaya: allo guda a tsakiya kamar ƙashin baya, a jera masa haƙarƙari, sannan ka lulluɓe da siraran falankai ɗaya bayan ɗaya. A nan ne mutane ke sarewa. Dole ka goge gefen kowane haƙarƙari da samfefa har falanki ya kwanta a kai lif. Idan ka tsallake wannan, gangar za ta fito da tudu da kwari. Kowane falanki kuma sai an fiƙe shi wajen goshin jirgi, domin wurin ya fi tsakiya ƙunci. Wanda ya manna su da faɗinsu ɗaya zai ga sun hau kan juna tun bai kai rabi ba. A jiƙa su cikin ruwan ɗumi, a lanƙwasa, a bar su su bushe a mazauninsu kafin a sa farin gam na kafintoci. Falankin da aka manna a jiƙe yana tsukewa ya bar tsaga, balle a lokacin hunturu da iska ke bushewa ƙayau.

Shi ya sa nake ganin kwalin da aka rubuta masa lulluɓi biyu ya fi wa sabon hannu. Na farko mai kauri ne, kamar milimita 1.5, kana iya cike ramukansa ka goge. Na biyu siriri ne, wajen milimita 0.5, shi ke rufe kuskuren. Mai lulluɓi ɗaya ba ya ɓoye komai.

Batun igiya, ƙirga jiguna. Cutty Sark, jirgin dakon shayi na 1869 da ke ajiye a Greenwich a birnin Landan, jigo uku gare shi, ƙullin tsanin igiyarsa kuma ɗaruruwa ne. Lady Nelson na Amati, a 1:64, jigo ɗaya ne, Polaris na OcCre biyu. Wanda bai taɓa lanƙwasa katako ba ma gara ya fara da ƙaramin kwale-kwalen Lowell Grand Banks Dory na Model Shipways, a 1:24.

Kayan aiki ba sa zuwa a cikin yawancin kwalaye, sai ka ware musu kuɗi: wuƙa mai kaifin reza, matsefata, samfefa mai lamba 120 da 240 da 400, ƙaramin abin huda na hannu, da kakin zuma da ake goga wa zare don gashinsa ya kwanta. Kafin ka yi oda, nemi littafin umarnin a shafin kamfanin ka duba ko hotuna ne daki-daki ko zane kawai, domin tsofaffin kwalayen Italiya da yawa zane ne da bayani kaɗan. Ka kuma tanadi akwatin gilashi tun da wuri. Ƙurar hunturu idan ta shiga tsakanin igiyoyi, sai da burushin fenti mai laushi take fita, zare bayan zare.